Farfesa Adeoye Lambo, Likitan Da Ya Kai Asibiti Cikin Ƙauye

A ranar 13 ga watan Maris na shekarar 2004 ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya rasu a Ikko, saura kwana 16 ya cika shekara 81 a duniya. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a fannin likitancin masu taɓin hankali irin na zamani. Ya shugabanci Jami'ar Badun, ya kuma yi shekara 15 yana Mataimakin Babban Darekta na Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma duk da girman waɗannan muƙamai, abin da ya sa sunansa ya shiga littattafan likitanci shi ne wani aiki da ya fara yana ɗan shekara 31, a waɗansu ƙauyuka huɗu na manoma da ke bakin garin Abeokuta. A can ne ya haɗa na'urar lantarki da magungunan Turawa da zaman tattaunawa da kulawar dangi, ya mai da su jinya guda.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Lambo a Abeokuta, ƙasar Egba, ranar 29 ga watan Maris, 1923. Ya yi karatun sakandare a makarantar mishan ta Baptist da ke garin daga 1935 zuwa 1940. Daga nan ya tafi Ingila, ya shiga Jami'ar Birmingham, inda ya sami digirin likita a 1948. Bayan ya yi ɗan aiki a asibitocin birnin sai ya komo gida, ya zama likitan gwamnati, aka kai shi Ikko da Zariya da Gusau. Watau tun yana saurayin likita ya san Arewa, ya ga irin tafiyar da talaka kan yi kafin ya isa gaban likita.

A 1952 ya koma Ingila, ya shiga asibitin Maudsley da ke Landan, wanda a lokacin shi ne babbar makarantar horar da likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. A 1954 ya dawo, aka danƙa masa sabon asibitin da ake ginawa a Aro, kusa da mahaifarsa.

Halin da ya tarar

A zamanin mulkin Turawa, gwamnati ba ta ɗauki mai taɓin hankali a matsayin majinyaci ba sai dai a matsayin mai barazana ga zaman lafiya. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, aka buɗe wani a Yaba ta Ikko a 1907, amma duk wuraren tsarewa ne, magani kaɗan ne a cikinsu. Dokar mahaukata ta 1916 ta ba alƙalai da likitoci ikon tsare mutum, ba ta yi maganar warkar da shi ba. A Arewa kuwa, sau da yawa gidajen yarin En'e ne kan karɓi irin waɗannan bayin Allah, a haɗa su da ɓarayi da masu kisan kai, waɗansu da mari a ƙafa. A 1944 aka mai da wani tsohon kurkuku a Lantoro ta Abeokuta gidan mahaukata, aka riƙa kai sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da ruɗewar hankali.

Bayan wannan kuma akwai wata mummunar fahimta da ta yi kanta a tsakanin likitocin Turawa. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin wani likita mai suna Carothers da ya yi aiki a Kenya, wanda ya kwatanta tunanin baƙar fata da na Baturen da aka yi wa fiɗa aka yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwarsa. Lambo bai bar wannan magana ta wuce ba. A 1955 ya buga wata maƙala a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila a kan majinyata Yarbawa, ya nuna cewa irin waɗannan rubuce-rubuce ba su da tushe na bincike, kuma ciwon da ke kama Bature shi ne ke kama baƙar fata, sai dai al'ada kan canja kamannin da yake fitowa da su.

Na'urar da aka ƙirƙira a Rum

Kafin a fahimci abin da Lambo ya yi a Aro, ya kamata a san kayan aikin da ke hannun likita a wancan zamani. Babba daga cikinsu ita ce jinyar lantarki, wadda waɗansu likitoci biyu na Italiya, Ugo Cerletti da Lucio Bini, suka fara gwadawa a kan ɗan Adam a birnin Rum cikin watan Afrilu, 1938. Akan ɗora ƙarfe biyu a gefen kan majinyaci, a saki wuta 'yar kaɗan na ɗan lokaci ƙanƙane, sai ƙwaƙwalwa ta yi jijjiga irin ta farfaɗiya wadda ba ta cika wuce minti ɗaya ba. Akan maimaita haka sau biyu ko uku a mako, har a yi kamar sau 6 zuwa 12. Ba a fasa ƙoƙon kai, ba a zub da jini. Ga wanda baƙin ciki mai tsanani ya danne har ya daina ci da magana, ko wanda jikinsa ya sandare ya zauna kamar gunki, wannan jinya kan tashe shi cikin 'yan makonni, kuma har yau tana cikin hanyoyin da suka fi saurin aiki a irin wannan hali.

Amma tana da illa. Takan jawo mantuwa da ruɗewa da ciwon kai. A shekarun farko kuma akan yi ta ba tare da allurar barci ba, har jijjigar kan goce wa mutum gaɓa ko ta karya masa ƙashi, kuma an daɗe ana yin ta haka a asibitocin ƙasashe matalauta, har da Nijeriya. Ƙa'idar yau ita ce a sa majinyaci barci, a ba shi maganin saki jijiyoyi, kuma a nemi yardarsa tukuna.

Sauran kayan aikin su ne allurar insulin da ake sumar da majinyaci da ita, wadda daga baya aka watsar saboda haɗarinta da ƙarancin amfaninta, sai kuma sabuwar ƙwaya mai suna chlorpromazine da likitocin Faransa suka fara ba masu taɓin hankali a Paris a 1952. Duk waɗannan Lambo ya koye su a Landan, ya kuma yi aiki da su a Aro. Abin da ya bambanta shi da malamansa shi ne tambayar da ya yi wa kansa game da inda majinyaci zai kwana da wanda zai yi magana da shi bayan an cire masa na'urar daga ka.

Ƙauyukan Aro

Lokacin da ya isa Aro ba a gama ginin ɗakunan kwanciya ba. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya tafi wurin dagatai da dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su ba majinyata hayar ɗakuna a gidajensu. Da farko mutane sun ji tsoro, domin babu mai son kwana gida ɗaya da wanda ake kira mahaukaci. Ya yi ta zama da su har suka amince, aka fara aikin a watan Oktoba, 1954.

Sharaɗin farko shi ne ba a karɓar majinyaci shi kaɗai. Tilas ne ya zo da wani nasa, galibi uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufafi, ta raka shi asibiti, ta kuma lura da shi da dare. Da safe sai su tafi asibiti a yi masa jinyar lantarki ko allura ko a ba shi ƙwaya. Bayan haka akwai zaman tattaunawa, wani lokaci shi da likita, wani lokaci cikin taron majinyata da danginsu, akwai kuma aikin hannu. Da yamma sai ya koma ƙauye, ya shiga kasuwa, ya zauna a dandali, ya ji kiɗa, ya gai da maƙwabta. Akwai ma'aikatan jinya da ke kwana a ƙauyukan don ko-ta-kwana.

Su ma mutanen ƙauyen ba a bar su hannu rabbana ba. Suna karɓar kuɗin haya, an ba su rance don su ƙara ɗakuna, an kawo musu ruwan famfo, an haƙa masai, an yi yaƙi da sauro, an buɗe musu ɗakin shan magani, waɗansunsu kuma sun sami aiki a asibitin. Akan yi taro da dattawa a kai a kai don jin koke-koke. Da tafiya ta yi tafiya, ƙauyukan kan ɗauki majinyata 200 zuwa 300 a lokaci guda, a kan kuɗi kaɗan ƙwarai in an kwatanta da abin da gadon asibiti ke ci.

Hujjar Lambo a kan wannan tsari mai sauƙin fahimta ce. Lantarki da ƙwaya suna kwantar da ciwo, amma ba sa koya wa mutum yadda zai koma zama da matarsa, ko ya koma gona, ko ya daure wa kallon da ake yi masa a unguwa. Wanda aka kulle shekaru a bayan katanga yakan manta da zaman duniya, danginsa su ma su manta da shi, har ya zama ko ya warke babu inda za shi. Wanda yake jinya a gaban uwarsa kuwa, ita ce shaidar samun sauƙinsa, ita za ta kai labari gida, ita ce kuma za ta fara gane alamun ciwon in ya so dawowa. Bugu da ƙari, likita kan sami labarin asalin damuwar daga bakin dangi, abin da majinyaci shi kaɗai ba zai iya faɗa ba.

Tsarin ba shi ne irinsa na farko a duniya ba. Mutanen garin Geel na ƙasar Beljiyam sun yi ɗaruruwan shekaru suna saukar da masu taɓin hankali a gidajensu. A Sudan kuma Dokta Tijjani El-Mahi, wanda ya rasu a 1970, ya riga ya fara aiki tare da shehunan addini masu karɓar irin waɗannan majinyata. Amma a Aro ne aka haɗa jinyar asibiti ta zamani da zaman ƙauye a tsari ɗaya, aka kuma rubuta shi yadda duniya za ta karanta.

Shi da masu maganin gargajiya

Abin da ya fi jawo masa surutu shi ne shigo da masu maganin gargajiya cikin aikin. Abokan aikinsa da yawa sun ga wannan a matsayin zubar da girman likita. Shi kuwa ya lura cewa yawancin majinyatansa sun biya ta wurin boka kafin su zo, kuma za su koma bayan sun tafi, har da masu ilmin boko a cikinsu. Mutumin da ya gaskata sammu aka yi masa ba zai sami natsuwa ba don kawai an ce masa ƙwaƙwalwarsa ce ta sami matsala. Saboda haka ya zaɓi waɗansu daga cikin masu maganin, ya sa su aiki ƙarƙashin kulawar asibiti, suna zama da majinyata, suna sauraron mafarkansu da tsoronsu, suna yi musu magana da harshen da suka saba da shi. Bai yarda da duka ko ɗauri ko horon yunwa ba, kuma bai bar musu ragamar magani ba. Abin da ya ɗauka a wurinsu shi ne sanin zuciyar mutanensu.

Daga Aro zuwa Jeniba

Sunan Aro ya bazu da sauri. A 1961 Lambo ya kira taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta. Ya kuma haɗa gwiwa da Farfesa Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, suka bi ƙauyukan Egba gida gida suna bincike, aka buga sakamakon a 1963. Binciken ya nuna cewa alamun ciwon hankali da ake samu a ƙasar Yarbawa sun yi kama ƙwarai da waɗanda aka samu a wani yankin karkara na Kanada, abin da ya ƙara rushe da'awar su Carothers.

A 1963 ya zama farfesa a Jami'ar Badun, aikin Aro kuma ya ci gaba a hannun Dokta Tolani Asuni. Ya shugabanci sashen koyon likita daga 1966 zuwa 1968, sannan ya shugabanci jami'ar baki ɗaya daga 1968 zuwa 1971, cikin shekarun yaƙin basasa. A wannan zamani Badun ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyi tara na wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a kan sikizofireniya, ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyi da gaskata abin da babu shi. Da aka bi sawun majinyatan, sai aka ga na Badun da na Agra ta Indiya sun fi na manyan biranen Turai samun sauƙi. Masana da yawa sun danganta haka da riƙon dangi, ko da yake waɗansu daga baya sun yi jayayya da yadda aka fassara sakamakon.

A 1971 ya koma hedkwatar Hukumar a Jeniba, a 1973 kuma ya zama Mataimakin Babban Darekta a ƙarƙashin Dokta Halfdan Mahler, ya riƙe muƙamin har 1988. A zamaninsu ne aka yi taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa a kai kiwon lafiya kusa da inda talaka yake zaune. A 1979 ya shiga rukunin farko na waɗanda Nijeriya ta ba lambar girma ta masana. Bayan ya bar aiki ya komo Ikko, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Tsarin ƙauyen kansa bai ɗore da ƙarfinsa na farko ba. Garin Abeokuta ya faɗaɗa ya haɗiye ƙauyukan, zaman haya ya canja, asibitin kuma ya koma dogaro da gadaje kamar sauran asibitoci. Masu suka sun kuma nuna cewa ba a taɓa auna sakamakon Aro da irin ma'aunin da ake bi a yau ba, watau a raba majinyata kashi biyu ta hanyar ƙuri'a a gwada.

Abin da aka gano bayansa

Tambayar da ya yi a 1954 ta dawo gaban masana da sababbin na'urori. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka nuna cewa ana iya motsa wani sashe na ƙwaƙwalwa da maganaɗisu daga wajen kai. Majinyaci na zaune a kujera idonsa biyu, ba barci, ba jijjiga, a ɗora masa na'urar a gefen goshi kwana biyar a mako har mako huɗu zuwa shida. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don ciwon baƙin ciki a 2008, sannan don ciwon waswasi a 2018, kuma a jinyar waswasi akan fara tayar wa majinyaci da abin da ke damunsa kafin a kunna na'urar. Akwai kuma wata hanya da ake bi da wuta mai rauni ƙwarai ta fatar kai, wadda aka farfaɗo da bincikenta a Jamus a 2000.

Dalilin haɗa waɗannan na'urori da jinyar tattaunawa shi ne ana ganin motsa ƙwaƙwalwa kan sa ta yi laushin karɓar sabon abu na ɗan lokaci, don haka abin da mutum ke koyo a wannan lokaci yana da muhimmanci. An kuma san cewa kusan rabin waɗanda jinyar lantarki ta tasa daga baƙin ciki kan sake faɗawa cikin shekara guda. Wani gwaji da aka yi a Berlin, aka buga a 2014, ya nuna cewa waɗanda aka bi su da zaman tattaunawa na rukuni bayan jinyar lantarki sun fi sauran daɗewa cikin sauƙi. Amma wani gwajin na Jamus da aka buga a 2022 bai ga wani ƙarin amfani ba da aka haɗa wuta mai rauni da tattaunawa. Saboda haka maganar tana hannun masu bincike har yanzu.

Ɗaya ɓangaren aikinsa kuwa ya sami shaida mai ƙarfi. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Badun da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Badun da Kumasi ta Gana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar majinyata a wuraren masu maganin gargajiya da na addini, suna ba da magani da shawara. Waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi.

Darasi ga ƙasar Kano

A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri da Dawanau ta Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. Amma ƙungiyar likitocin fannin ta sha bayyana cewa ƙwararrunta ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Manomi ko masunci na bakin madatsar ruwan Tiga, ko mutumin Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, in ɗansa ya rikice, wurin malami mai ruƙiyya da rubutun sha zai fara zuwa, ko wurin mai maganin iskoki, domin su ne kusa, su ne kuma ya yarda da su. Zuwa Kano na nufin kuɗin mota na mutum biyu ko uku, da barin gona, da neman masauki, sannan a sake dawowa karɓar magani wata bayan wata. A nan ne jinya kan yanke.

Inda aka rasa mafita kuma, mari kan shigo. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, aka kuma sami irin haka a Daura da Katsina da Zariya a makonnin da suka biyo baya. Ba duka ne masu taɓin hankali ba, amma da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu don ba su san wani wurin ba.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa majinyaci yana da haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Na'urar maganaɗisu mai tsada ce, tana bukatar wuta tsayayya da ƙwararren ma'aikaci, kuma za a daɗe kafin ta isa ƙananan asibitocin kudancin Kano. Sauran abubuwan da Lambo ya yi aiki da su kuwa suna nan a kowane ƙauye na yankin: uwa mai haƙurin jinya, dagaci da limami da ake jin maganarsu, malamin asibiti da za a iya horarwa ya gane ciwo ya ba da magani ya kuma san lokacin tura majinyaci Kano, da maƙwabcin da zai yarda ya ba da ɗaki.